Kawuna Mai Shayar da Jirgi

Allah da Ya ba mu shi Ya karɓi abinsa ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar damina. Ina Jega ina sauke buhunan gero daga mota saƙon ya iske ni. Kafin in iso Gwandu har an yi wa Kawu sutura, na tarar ana fitowa da makara daga zaure.

Maƙeran unguwarsu kwana uku ba su hura wuta ba. Babbansu, tsoho mai rawar hannu, ya riƙa gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa tare suka koyi zuga suna yara, ya faɗa ya sake faɗa. Matan da ke kai niƙa injin bakin kasuwa, wanda Kawu ke gyarawa in ya tsaya, suka cika tsakar gida har wasu suka zauna bakin rijiya. Wani makanike Bayarbe ya zo daga Jega da rigar aikinsa duk baƙin mai, ya tsuguna gaban makara yana kuka da ƙarfi, sai da Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce addu'a ta fi. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, ban ga hawayenta ba ranar. Da na shiga yi mata gaisuwa ta dube ni ta ce, "Shi kaɗai ya rage mai kirana da sunan da uwarmu ta sa mini."

Ranar uku muna zaune a ƙofar gida, wani baƙo da ya biyo abokinsa ta'aziyya ya tambaya a hankali, "Wai shi ne wanda aka ce yana ba jirgin sama ruwa ya sha?" Mutane suka yi murmushi, wasu suka sunkuyar da kai. Nan na gane in muka yi shiru, abin da zai rage na Kawu a bakin mutane ke nan, labarin ban dariya. Ni direba ne, rubutun ma a ajin manya na koye shi, amma na fi kowa sanin abin da ke bayan wannan suna, kuma ni na fi kowa cin amfaninsa.

Gidan ƙira aka haife shi. Tun kafin a haife ni ya bar gari ya bi motoci, ya zama mai gyara. Lokacin yaƙi aka ɗauke shi aiki a filin jirgi na Kano, ya zauna can har bayan yaƙi da shekaru. Da ya dawo Gwandu gemunsa ya yi fari, kunnensa na hagu kuma ya mutu sarai, na dama ne ke ɗan ji. Ya ce ƙarar sababbin jirage ce ta cinye shi. Saboda haka ba ya magana sai da ƙarfi, ko sirri zai gaya maka sai maƙwabta sun ji. In ka yi masa magana ta hagu sai ya juyo da jikinsa duka ya ce, "Mi kac ce?" Kuma ba ya jin kunyar sa ka maimaita sau uku.

Duk da haka ban taɓa ganin mai sauraron inji kamarsa ba. Yana da wani siririn ƙarfe a aljihu, sai ya ɗora bakinsa ɗaya a jikin inji, ɗaya bakin ya cije da haƙora, ya rufe ido. Can sai ya buɗe ido ya nuna wurin ciwon da yatsa. Bai cika kuskure ba. Komai kuma da bayan hannu yake fara taɓa shi, inji ne, tukunya ce, ko goshin jariri.

Da la'asar yakan zauna a maƙera, ba don aiki ba, don hira. Can ne ya fara ba da labarin jirgin da ba shi da farfela. Ya ce abin ba ya kaɗa iska kamar na da, haɗiyarta yake yi ta gaba, ya matse ta, ya ƙone ta da kananzir, ya feso ta baya. Duk ƙarfinsa daga yawan iskar da ya haɗiya ne. To a zafin Kano da tsakar rana iska ba ta da kauri, jirgi zai buɗe baki ya haɗiya amma ba ya ƙoshi, sai ya yi ta gudu a ƙasa yana neman tashi. Shi ya sa aka yi masa tankin ruwa daban. Lokacin tashi sai a fesa ruwan cikin injin, iskar ta huce ta yi kauri, jirgin ya samu ƙarfi ya ɗaga. Cika wannan tanki da tataccen ruwa yana cikin aikin Kawu.

"To in ya hau sama fa?" in ji wani maƙeri. "Ai an ce can sanyi ne."

Kawu ya ji daɗin tambayar. Ya ce sanyi ne, amma iskar can ta fi ta nan rashin kauri. Kuma wani injiniya Bature da suka yi aiki tare ya gaya masa cewa in jirgi ya yi gudu mai tsanani, iskar da ke cushewa a bakinsa zafi take ɗauka, ko da a can sama ne, har ta rage masa ƙarfi ta nemi lalata ƙarfen ciki. A ƙasashensu ana gwada fesa ruwa tun daga bakin, don jirgi ya ƙara gudu ya ƙara hawa. Da ya ga ba su yarda ba, ya sa aka kawo famfon keke. Ya toshe bakin da babban yatsa, ya buga da sauri kamar sau ashirin, ya miƙa wa mai tambayar. "Taɓa." Mutumin ya taɓa ya janye hannu. "Wa ya sa wuta ciki? Babu. Matsi ne." Sannan ya nuna randar da ke gindin bango, jikinta na naso. "Wanga kuma wa ya sa mata sanyi? Gumin da take yi ne iska ke ɗauka. Abin da Turawa suka gano ke nan, kakanninmu mata sun riga su, jirgi ne kawai ba su da shi."

Aka yi dariya, kuma tun ranar sunan ya bi shi. Bai damu ba. In yara suka kira shi Mai Shayar da Jirgi ta kunnen dama, ɗaga musu hannu yake yi.

Ni ne na ɓata masa rai. A Kalgo nake zaune da iyalina da Inna, ina jan wata tsohuwar babbar mota tsakanin kasuwanni. Da bazara motar takan yi kasala, in rana ta take sai ta riƙa tari a kan tudu. Wata ranar kasuwa Kawu ya zo ganin Inna, ya biyo ta tasha ya same ni na buɗe inji ina faɗa da kafireto. Ya cije ƙarfensa ya saurara, ya ce kafireto lafiyarsa lau, zafi ne. Ya ce in nemi buhu in jiƙa in rataya gaban inda inji ke shan iska, in kuma naɗe famfon fetur da jiƙaƙƙen tsumma. Da ƙarfi ya faɗa, yadda ya saba, direbobi da fasinja duk suna ji. Wani ya ce, "A kawo wa motar fura mana." Tasha ta ɗauki dariya. Kunya ta kama ni, na juya ta gefen da nake zaton kunnensa na hagu ne, na ce, "Ku ƙyale tsoho, ga-ruwa ya yi wa Turawa a Kano, ya dawo yana ganin shi injiniya ne."

Ashe ta dama na tsaya. Ya goge ƙarfensa a hannun riga, ya sa aljihu, ya tafi.

Wata biyu in na gaishe shi sai ya amsa da kalma ɗaya ya kau da kai. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Wanda ya goya ni ka kira ɗan ga-ruwa gaban 'yan tasha? Ka tafi ka ba shi haƙuri." Na ce to, na yi ta ɗagawa, yau kasuwar Jega, gobe taya ta fashe. Gaskiyar ita ce girman kai ne.

A ƙarshen bazarar nan sanƙarau ya shigo ƙauyuka. Matata ta tafi ganin gida a Wurogauri da 'yarmu ta fari, tana da shekara shida. Wata safiya mai keke ya zo ya ce yarinyar ta kwana da zazzaɓi, wuyanta ya sanƙare, kuma ba ita kaɗai ba ce a garin. Kawu yana gidanmu ranar, ya zo kawo wa Inna magani. Ina ƙoƙarin tayar da mota na ga ya buɗe ƙofa ya hau gaba ya zauna. Bai dube ni ba, ban tambaye shi ba.

A Wurogauri marasa lafiya biyar muka ɗauka, aka shimfiɗa su kan tabarmi a baya, da masu jinyarsu. 'Yata, da samari biyu wa da ƙane, da wata amarya, da wani yaro jikan wata tsohuwa. Tsohuwar ita kaɗai ta yi dabarar ɗauko tulu cike da ruwa, sauran duk ruɗewa ta sa sun fito hannu sake. Asibiti yana Birnin Kebbi. Ba nisa ba ne can can, amma kafin a hau babbar hanya akwai wani dogon tudu mai rairayi, kuma rana tana tsaka muka iso shi.

Motar ta kai rabi ta fara tari, ta mutu. Na sauka na juya handul ɗin tayar da inji har tafin hannuna ya saɓule. Ta tashi, ta yi taku kaɗan, ta sake mutuwa. Mazan da ke ciki suka sauka suka tura, rairayi ya riƙe tayoyi. Babu inuwa, babu gida kusa, iska kamar daga bakin tanda. Na leƙa baya na ga 'yata ta daina kuka, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Matata ta ce, "Ka yi wani abu mana." Na tsaya riƙe da handul ban san abin da zan yi ba.

Kawu ya sauko ya taɓa famfon fetur da bayan hannu. Ya kwance rawaninsa, ya sa haƙori ya yaga shi biyu. Sannan ya zagaya baya ya tsaya gaban tsohuwar.

"Iya, tulun nan nike so."

Ta rungume shi. "Yaron nan tun ɗazu ruwa yake kira. Mota za ka ba?"

"Mota zan ba. In ta sha muna iya kaiwa. In ba ta sha ba, nan za mu zauna har rana ta yi sanyi, kuma ba dukansu za su kai lokacin ba. Ban yi miki alkawari ba, Iya. Abin da na sani ke nan."

Ta dube shi, ta dubi jikanta. Ta tsiyaya kaɗan a tafin hannu ta shafa wa yaron a leɓe, sannan ta tura tulun gaban Kawu da hannu biyu.

Ya jiƙa rabin rawanin ya naɗe famfon fetur da bututunsa, abin ya yi cuu yana tururi. Ɗaya rabin ya jiƙa ya shimfiɗa gaban inda inji ke shan iska, ya ɗaure gefe da gefe yadda iska za ta ratsa ta cikinsa ba tare da ya toshe ba. Ya sa muka cire murfin inji na gefe ɗaya. Ya ce a jira kaɗan. Wannan jiran shi ne mafi tsawo a rayuwata. Sannan ya hau kan murfin taya na gaba ya zauna, tulu tsakanin cinyoyinsa, kansa ba hula cikin wannan rana, ya daka mini tsawa, karo na farko a wata biyu da ya yi mini magana mai tsawo: "Giya ɗaya! Kada ka canza, kada ka ɗaga ƙafa, ko mi ka ji!"

Na juya handul ta tashi. Na hau na sa giya ɗaya, maza na turawa a baya. Ta cikin gilashi ina ganinsa yana ɗibar ruwa da tafi yana yayyafa wa tsumman, yana ɗiba yana yayyafawa. Muryar injin ta sake, tarin ya ragu. Muka yi ta hawa kamar tafiyar ƙafa. Wani wuri motar ta yi tsalle, hannunsa ya faɗa kan bututun hayaƙi, na ga ya yamutsa fuska amma bai saki tulun ba. Da tayoyin gaba suka taka ƙasa mai tauri, maza suka ɗale suna kabbara. Tulun ya ƙare kafin mu shiga gari.

Huɗu sun rayu. Jikan tsohuwar ya cika a ƙofar asibiti ana sauke shi.

'Yata ta yi kwana goma sha ana yi mata allura, ta tashi. Ranar da aka sallame ta na tafi Gwandu, na sami Kawu a maƙera, hannunsa naɗe da tsumma inda ya ƙone. Na tsuguna ta damansa, na ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji, tunda a gaban mutane na yi laifin. Na ce, "Kawu, na yi maka rashin kunya a tasha. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ai ba ƙarya ka yi ba, ruwa na ɗauka. Sai dai ni ina ɗauka ina tambaya mi za a yi da shi." "Kuma kada ka tafi kana gaya wa mutane dabarar jirgi ce ta hau da mu. Tsumma biyu na sa. Wataƙila na famfon fetur ne ya yi aikin, wataƙila na iska, wataƙila duka. Ban sani ba. Mota ba jirgi ba ce. Allah ne Ya hau da mu, mu dai mun jiƙa tsumma." Sannan ya tambaye ni ko yarinyar na cin abinci.

Ciwon ya bar mata tabo, kunnenta na dama ya daina ji. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma zama a lungu, in an yi magana ba ta ji ba sai ta fashe da kuka, yara kuma suka fara tsokanarta. Mu iyayenta lallashi kawai muka iya. Kawu ne ya zo Kalgo ya yi mako uku, mafi daɗewar da ya taɓa yi a gidanmu. Kullum da safe sai ya zaunar da ita a damansa, kunnenta mai ji na fuskantar nasa mai ji, su yi ta hira da ƙarfi har Inna ta ce sun hana kaji sakewa. Ya koya mata inda za ta zauna a cikin taro, da kallon bakin mai magana, da yadda za ta ce a maimaita ba tare da sunkuyar da kai ba. Ya ba ta ƙarfensa ta cije, ya ɗora ɗaya bakin a jikin motata tana aiki. Na ga idonta ya buɗe, ta saki ƙarfen ta ce, "Baba, ina ji ta haƙori!" Ranar ta yi dariyar da ba mu ji ba tun kafin ciwon. Yanzu tana makarantar allo, kuma malaminsu ya ce ba ta bari a wuce ta.

Abin da bai taɓa saki ba shi ne yaron nan. Bai cika yin maganarsa ba, amma duk shekara in an yi girbi yakan sa in kai wa tsohuwar damin gero daga gonarsa, ya ce in ce daga Gwandu kawai, kada in ce daga wa. Shi kansa bai sake taka Wurogauri ba. Na taɓa ce masa likita ya ce ciwon ya riga ya ci ƙarfin yaron, ko kogi aka ba shi ba zai tashi ba. Ya ce, "Na ji. Amma ruwa ya roƙa, ni kuma na ɗauke tulun."

Kwana uku kafin rasuwarsa na je duba shi. Ya rame, muryar nan da ke cika unguwa ta koma sai na kai kunne. Na ce zan ajiye mota in zauna da shi. Ya ce a'a, mutane na jirana a tasha. Da na tashi ya riƙe bakin rigata ya ce in ta Allah ta kasance, in je Wurogauri da ƙafata, in gaya wa tsohuwar nan yana neman gafararta.

Bayan addu'ar bakwai na tafi. Na same ta a gindin bukkarta tana tsinke zogale, idonta ya fara rauni, sai da na gaya mata ko ni wane ne. Na faɗi rasuwar, na isar da saƙon yadda ya ba ni. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Gafarar mi?" ta ce. "Ƙwace ya yi? Ni na miƙa mishi da hannuna. Amaryar nan da muka ɗauka, ɗanta na biyu take goyo yanzu, kullum ta nan take wucewa zuwa rijiya. Geron ma na san nashi ne, wa gare ni a Gwandu?" Ta goge ido da gefen zane. Sannan ta matso ta kama hannuna ta tambaye ni, "Shi dai, an ba shi ruwa kafin ya cika?"

Na ce an ba shi. Inna ce ta ba shi da ludayi, ya sha sau biyu.

Ta ce, "To alhamdu lillahi." Ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da tsinke ganye.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da alherin da mu ba mu iya saka masa ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a, ya haɗa da yaron nan na Wurogauri.